Yadda muke buga Zabura ta rerawa a Kumasi

Maɗaba'armu ƙarama ce a unguwar Aboabo, kuma abin da ke riƙe da ita shi ne katin biki, kalanda da takardun jana'iza. Amma aikin da ya fi shiga raina shi ne ƙananan littattafan Zabura da mawaƙa ke kawowa domin majami'un zango, inda 'yan arewacin Gana, Farafara da Kusasi da Dagati, suke haɗuwa su yi sujada da Hausa.

Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, bayan aikin ɗan mishan Dokta Walter Miller da abokansa a ƙasar Zazzau. Fassara ce ta karatu daga mumbari. Zabura kuwa, duka 150 ɗin, waƙoƙi ne da aka fara rubutawa da Ibrananci, kuma waƙar Ibrananci ba ta dogara da amsa-amo ba: ɗango na biyu ne ke maimaita ma'anar na farko ko ya ƙarfafa ta. Waƙar Hausa tana tafiya ne bisa kari, da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, saboda haka mawaƙi yakan sake zuba ayoyin a ƙwar biyu ko ƙwar huɗu, wato baiti mai ɗango biyu ko huɗu, har su hau murya. Ba sabon abu ba ne a ikilisiya, domin Clément Marot da Théodore de Bèze sun yi haka da Faransanci, aka kammala Zaburar Janiba a 1562.

Idan mawaƙi ya kawo rubutunsa, nakan fara da duba ƙ da ɗ da ɓ, domin waya takan cinye musu lanƙwasa. Sannan in tsara kowane ɗango a layinsa, da manyan haruffa, saboda dattijuwar da ke bencin baya. Kafin a taɓa inji, nakan fitar da kwafi kaɗan a kai wa zumuntar mata su rera da ganga da caki. Duk inda suka ja gajeren wasali don ya cika kiɗa, ko numfashi ya yanke musu a tsakiyar ɗango, sai su sa alama da biro, takardar ta dawo. Wannan yana jinkirta aiki, yana kuma cin takarda, amma ban yarda in buga abin da ba a rera ba.

Inda muke yawan ja-in-ja da mawaƙa shi ne amsa-amo. Wani yakan ƙara kalmar da babu ita a nassi don ƙarshen baiti ya yi daɗi, ni kuwa a ganina ma'ana ce gaba, shi ya sa nake roƙon fasto ya bi kowane baiti da ayarsa ya sa hannu. Zabura ta 119, mai aya 176 a kashi 22 bisa jerin haruffan Ibrananci, ita ce ke kan teburina yanzu, kuma mawaƙin yana ƙoƙarin jera ta bisa haruffan Hausa. Ya kai harafin ƙ, mun ba shi zuwa bayan Ista.