Yini guda a birnin Kano da kyamara

Jiya na yi sammako daga Zariya, niyyata in ɗauki hotunan cikin birni kafin rana ta take. Da Dutsen Dala na fara, amma hazo ya lulluɓe gari, ban samu abin kirki ba.

Marinar Ƙofar Mata ce ta riƙe ni. Wani dattijo na zaune a bakin karofi yana tsoma zane yana ɗagawa, ruwan baba ya rina hannunsa har guiwa. Na ce, "Sannu da aiki, Baba. In ɗauka?" Ya ce in jira zanen ya sha iska tukuna, yanzu kore ne, sai daga baya shuɗin ke fitowa. Na jira, ga shi kuwa a idona ya rikiɗe. Wallahi wannan hoton ya fi mini duk sauran.

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, lungunanta matsattsu ne, haske na saukowa ta tsakanin rumfuna kamar zare. A layin dukawa na tsaya. Wata mai fura ta ce kada in ɗauke ta, na sauke kyamarar, na sayi fura.

La'asar na yi na nufi tasha.