Wasiƙa daga Haidarabad, garin Nizamai

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar kayan masarufi?

Tun da na zo Indiya karatun harhaɗa magunguna, tambaya guda ake yi mini a waya: "To, ka ga 'yan fim kuwa?" Ban gani ba, kuma garin da nake ba Bombay ba ne. Haidarabad ne, babban birnin jihar Telangana a kudancin ƙasar, mai mutum sama da miliyan 10 idan an haɗa da kewayensa. Fim kam suna yi, da harshen Telugu, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake fassara muku da Hausa, irin waɗanda jarumi ɗaya ke watsa ƙarti hamsin, daga nan suke fitowa. Amma wannan hira ce ta wata rana.

Sunan garin nan a zauren kawuna na fara ganinsa, ina yaro, ban ma san gari ba ne. A ƙasan shafin farko na wasu manyan littattafan hadisi an rubuta "Haidar Abad ad-Dakkan" da Larabci. Sai da na zo na gane cewa akwai wata maɗaba'a a nan mai suna Da'iratul Ma'arif, wadda aka kafa a 1888, ita ce ta fitar da littattafai irin su Sunanul Kubra na Baihaƙi da Mustadrak na Hakim daga rubutun hannu zuwa ɗab'i. Har yau ofishinta na cikin Jami'ar Osmania. Ranar da na je na tsaya a ƙofarta, wallahi ƙamshin tsohuwar takarda ya sa na ji kamar kawu ne zai ɗago kai ya ce in miƙo masa tabarau.

Asalin garin kan dutse yake. Akwai wata ganuwa da ake kira Golkonda, inda sarakunan gidan Ƙuɗub Shahi suka zauna tun 1518. Kasuwar lu'ulu'u ce ta duniya a zamaninta, fatake daga Farisa har Turai suna zuwa. Da mutane suka yi yawa, ruwa ya yi ƙaranci, sai sarki na biyar, Muhammad Ƙuli Ƙuɗub Shah, ya sauko ya ƙetare kogin Musi, ya kafa sabon gari a 1591. A tsakiyarsa ya gina Charminar, wato hasumiya huɗu, da masallaci a saman ginin da hanyoyi huɗu da suka fita daga gindinsa. Masu yawo da baƙi za su ba ka labarin wata budurwa, Bhagmati, wadda wai don ita sarkin ya gina garin. Masana tarihi da dama ba su yarda ba. Abin da ya fi shiga hankali game da sunan garin shi ne, sarakunan 'yan Shi'a ne, Haidar kuwa laƙabin Sayyidina Ali ne.

Charminar ba wurin da za ka je ka yi shiru kana tunanin magabata ba ne. Kasuwa ce ta zagaye shi. Ku ɗauko Kurmi ku haɗa da Kwari ranar jajiberin salla, ku zuba musu adaidaita sahu dubu, to kun kusa. Ta yamma akwai Laad Bazaar, layin 'yan awarwaro, shaguna cunkus da kayan amare suna walƙiya har ido ya gaji. Taku kaɗan kuma ga Masallacin Makka, wanda aka fara gininsa a 1617, aka kwashe shekara sama da saba'in kafin a gama. An ce da ƙasar da aka ɗebo daga Makka aka buga wasu tubalan ƙofarsa. A nan nake yin Juma'a in na sami sarari, tattabaru na ta shawagi a kan sahu.

Bayan salla sai shayi. Shayin Irani suke ce masa, don 'yan Iran ne suka kawo shi: a dafa ganye daban, a dafa madara daban har ta yi kauri, sai a haɗa a ɗan ƙaramin kofi, a ba ka da biskit ɗin Osmania mai gishiri-gishiri da zaƙi. A irin wannan zama na saba da wani dattijo mai ɗinkin hula. Ina ce masa Chacha, wato baffa, shi kuma yana ce mini beta, wato ɗana. Shi ya fara koya mini Urdun garin, wanda ake kira Dakhni, wanda mutanen Delhi ke yi wa dariya kamar yadda muke tsokanar juna da Sakkwatanci. "Hau" shi ne i, "nakko" a'a, "kaiku" don me, "hallu hallu" kuma sannu-sannu. Wannan na ƙarshen shi ne halin garin gaba ɗaya. In an ce maka minti biyar, nemi wurin zama.

Wata rana yana nuna mini titi sai ya ce, "Beta, parson Nizam ya bi ta nan a tsohuwar motarsa." Parson na nufin shekaranjiya, Nizam kuwa laƙabin sarakunan da suka mulki garin a da ne. Na ce, "Chacha, ai Nizam ya rasu tun 1967." Ya dube ni kamar na yi wauta, ya ce, "Hau, parson." Ashe a bakin mutumin Haidarabad shekaranjiya tana iya zama shekara sittin.

Su Nizaman nan ba su ne suka gina garin ba. Sarkin Mughal Aurangzeb ya yi wa Golkonda ƙawanya wata takwas a 1687, bai ci ta da ƙarfi ba sai da wani na ciki ya buɗe ƙofa da dare. Da daular Mughal ta fara rauni, gwamnansu na yankin, Nizamul Mulk Asaf Jah, ya tsaya da ƙafarsa a 1724, zuriyarsa suka yi mulki har Nizami bakwai. A 1798 suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Turawan Ingila: sarki na kan gadonsa, amma ga Razdan a gefe, ga barikin soja a Sikandarabad. Kun ji kalmar ko? Razdan ɗin da kakanninmu suka sani ne. Abin da aka zo aka yi wa sarakunanmu bayan 1903, an shekara ɗari ana gwada shi a nan. Gidan Razdan ɗin na nan a unguwar Koti, ya zama makarantar mata.

Na bakwai ɗin, Mir Usman Ali Khan, shi ne wanda Chacha ke gani shekaranjiya. Ya hau a 1911. Ƙasarsa na da kuɗinta, da jirgin ƙasanta, da gidan wayarta. Mujallar Time ta sa hotonsa a bango a 1937 a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a duniya, amma labarin da ake bayarwa a shagunan shayi na maƙonsa ne: tsohuwar hula, da wani ƙaton lu'ulu'u da wai yake danne takardu da shi. Duk da haka shi ya kafa Jami'ar Osmania a 1918, inda aka koyar da likitanci da injiniyanci da harshen Urdu. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu har yau muna gardamar ko Hausa za ta iya ɗaukar lissafin firamare.

Akwai wata tsamiya a harabar babban asibitin Osmania, bakin kogi, da nake so ku sani. Ranar 28 ga Satumba, 1908, Musi ya yi ambaliya cikin dare ya share unguwanni, mutum wajen 15,000 suka halaka. Kimanin mutum 150 suka ɗare kan tsamiyar nan suka tsira. Tana nan da ranta, da allo a jikinta, duk shekara ana taruwa a gindinta. Bayan wannan musiba aka kira injiniya Visvesvaraya, aka datse ruwan da manyan tafkuna biyu, Usman Sagar da Himayat Sagar. Ambaliyar ta yi sauƙi, amma kogin ma ya tafi. Yau in ka tsaya a kan Purana Pul, gadar da aka gina tun 1578, abin da ke gudana a ƙarƙashinka baƙin ruwan kwata ne mai kumfa, sai ka toshe hanci. Ni Jakara ya tuna mini. Garin da aka kafa don neman ruwa, ga yadda ya yi da ruwan.

Sarautar ta ƙare ne a 1948, kuma ba ta ƙare da daɗi ba. Da Turawa suka tafi a 1947, Nizam ya ce shi ba Indiya ba Pakistan, ƙasarsa zai riƙe, alhali mafi yawan talakawansa Hindu ne, ƙauyuka kuma na tawaye saboda zaluncin masu gonaki. Wasu 'yan sa-kai da ake kira Razakar, ƙarƙashin Ƙasim Razvi, suka yi ta ta'asa a kan Hindu. Ranar 13 ga Satumba sojojin Indiya suka shigo, ranar 17 Nizam ya miƙa wuya. Abin da ya biyo baya a gundumomi ramuwar gayya ce a kan Musulmi. Kwamitin Sunderlal da Firaministan Indiya Nehru ya tura ya ƙiyasta mutum 27,000 zuwa 40,000 aka kashe, aka kuma ɓoye rahoton shekaru da dama. Har yau ranar 17 ga Satumba kowace jam'iyya da sunan da take kiranta, wasu su ce ranar 'yanci, wasu su ce ranar haɗewa. Na taɓa tambayar Chacha. Ya juya kofinsa a kan faranti ya ce, "Nakko, beta." Ban sake ba.

Daga nan garin ya koma hedikwatar jiha: ta Andhra Pradesh daga 1956, sai ta Telangana da aka ɓalle ranar 2 ga Yuni, 2014.

Cikin abin da Nizamai suka bari akwai mutane. A unguwar Barkas jikokin Larabawan Hadramaut ne da suka yi musu soja. A wata unguwar kuma da ake kira A.C. Guards, za ka ga baƙaƙen fata masu irin gashinmu, Siddi, jikokin 'yan Afirka da suka yi dakarun doki na fada. Ranar da na fara zuwa, wani saurayi da in a Fagge ka gan shi za ka yi masa Hausa ya yi mini Urdu, na tsaya sororo, shi ma ya tsaya, sai muka fashe da dariya. Su ne masu kiɗan marfa a bukukuwa. Ba zan ɓoye muku ba, baƙar fata na shan kallo a ƙasar nan. Gida uku na nema aka ce an riga an bayar, bayan a waya an ce in zo. Shi ya sa yawancinmu muke taruwa a Tolichowki, inda 'yan Somaliya da Sudan da Yaman suka riga suka share fage, in ka yi sallama a amsa maka da fara'a.

Tolichowki ɗin nan tsakanin garuruwa biyu take. In ka yi gabas, tsohon gari. In ka yi yamma, wata duniya ce: HITEC City da Gachibowli, benaye na gilashi a kan duwatsu. Tun da aka buɗe Cyber Towers a 1998, zamanin babban ministan jihar Chandrababu Naidu, kamfanonin kwamfuta suka yi ta kwararowa, su Microsoft da Google da Amazon. Ga masana'antun magani da na rigakafi, waɗanda su suka kawo ni. Ku duba bayan kwalin maganin da ke gidanku, ba mamaki ku ga sunan garin nan ko na wata unguwa a gefensa. An zagaye birnin da titi mai kilomita 158, an buɗe jirgin ƙasa na sama a 2017.

Sai dai jirgin nan ya yi shekaru yana tsayawa a bakin Musi bai shiga tsohon gari ba. Wannan shi ne abin da ke damuna da Haidarabad. Duk abin da take taƙama da shi a idon duniya, daga Charminar da ke kan tambarin jihar, zuwa biryanin da ake jera ɗanyen nama da shinkafa a tukunya ɗaya a liƙe murfin da ƙullun fulawa, zuwa halim ɗin da ake kirɓa alkama da nama a yini guda don buɗa-baki, daga kudancin kogi ya fito. Amma kuɗin da aikin yi da makarantu masu kyau suna yamma. Samarin tsohon gari ko dai su ja adaidaita su kai ma'aikatan kwamfuta ofis, ko su nemi bizar Dubai da Saudiyya. Da azumi masu kuɗin kan zo da daddare a motocinsu, su ci halim, su ɗauki hoto, su koma. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ya ga attajiran unguwarsu sun koma Nasarawa da GRA, sai salla ko rasuwa ta kawo su, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Makon jiya na sake hawa Golkonda. A ƙofar shiga akwai wuri ƙarƙashin ƙubba da in ka tafa hannu, ana jin amon a can ƙololuwar dutsen, kusan kilomita guda; da haka dogarai ke sanar da fada an yi baƙi. Na tafa, na hau matakala ina haki. Daga sama, in ka dubi gabas da ƙyar za ka tsinkayi hasumiyoyin Charminar cikin hazo. In ka juya, benayen gilashin nan ne tsaye kusa da kai, da ƙubbobin kaburburan Ƙuɗub Shahi a gabansu. Garin da ya gudu daga dutsen nan a 1591 ya zagayo ya dawo gindinsa, ruwan da yake sha kuwa yanzu da bututu ake jawo shi daga kogunan Krishna da Godavari, tafiyar sama da kilomita ɗari.

Akwai wani bawan Allah da ya kawo mahaifiyarsa asibiti, za su koma ƙarshen wata, zan ba shi awarwaron da ƙannena suka dame ni a kai. Wanda duk zai taho, don Allah ya riƙo mini kuka da daddawa. Na yi wa Chacha alkawarin tuwo, ya ce zai zo, hallu hallu.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Naku,
ɗan'uwanku a Tolichowki, Haidarabad