Daga Gandun Dajin Jos Zuwa Gindin Kufena

A hutun ƙaramar Sallah na cika wa yarana alkawarin da na daɗe ina ɗagawa, na kai su gandun namun daji na Jos domin su ga zaki da idonsu. Mun bar Tudun Wada bayan sallar asuba, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka, kuma tun muna hawan tsaunin Filato iska ta sauya, zafin bazarar da muka baro a Zariya ya kau, domin Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku. An kafa gandun a 1972, zamanin mulkin Gwamna Joseph Gomwalk na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato, faɗinsa kuwa ya kai kusan murabba'in kilomita 8, ga shi kuma a bakin gari, ta yadda mutum zai bar hayaniyar kasuwa ya tsinci kansa cikin kurmi kafin gumin jikinsa ya bushe.

Mun ga zakin, yana kwance a inuwa kamar yadda ɗabi'arsa take, tunda mafi yawan yininsa a barci yake ƙarewa. Mun ga kura da kada da gwaggon biri, jimina kuma ta miƙo wuya ta saman shinge har auta ta ruga ta ɓuya a bayan mahaifiyarta. Wannan duka bai ɗauke mu sa'a guda ba. Abin da ya cinye mana sauran yinin shi ne hanyoyin ƙafa da suka ratsa cikin wasu dogayen itatuwa masu ganye siriri kamar allura, irin waɗanda aka kawo daga ƙasashen waje aka dasa. Busasshen ganyensu ya shimfiɗu a ƙasa, yana da taushi a tafin ƙafa kamar darduma, idan iska ta kaɗa kuwa sai ka ji wani amo a sama tamkar ruwa na tahowa daga nesa. Yaran da a gida sai an yi da gaske suke ajiye waya suka yi tsit, suna tafe suna ɗaga kai.

A hanyar dawowa, mun kusa shiga gari, babban ɗana ya ce, "Baba, me ya sa mu ba mu da daji a Zariya?" Tambayar ta tsaya mini a rai, domin na san ba gaskiya ba ce, amma kuma ban taɓa nuna masa abin da zai ƙaryata ta ba. Garin da ake kiran unguwanninsa da sunan itace, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Rimin Danza, bai kamata ɗansa ya tashi yana zaton sai an yi tafiyar sa'o'i kafin a ga kurmi ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka yi sammako zuwa Kufena, muka ajiye mota a wajen Wusasa muka taka da ƙafa. Duk ɗan Zazzau ya san wannan dutse a tarihi, ya san cewa mutane sun zauna a gindinsa tun kafin birni ya kafu a inda yake yanzu, ya kuma ji labarin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina da ganuwar da ake jingina wa sunanta. Abin da ba mu cika kula da shi ba shi ne itatuwan da ke tsakanin gonaki da duwatsu. A nan muka yi gamo da wani dattijo yana gyaran gona kafin saukar damina. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, yaran nan ne ba su san sunan itace ko ɗaya ba, ko za ka taimaka mana?" Ya jingine fartanyarsa, ya dubi yaron ya ce, "Zo nan, jikana." Ya nuna masa ɗorawa, ya tsinko kwafsa ɗaya ya ɓare, ya ba shi garin nan rawaya mai zaƙi ya lasa, sannan ya zube ƙwayoyin a tafin hannunsa ya ce wannan ita ce kalwa, da ita ake yin daddawar da ke cikin miyar gidanku. Yaron ya juya ƙwayar yana kallo kamar an damƙa masa zinariya. Daga nan aka wuce ga kaɗanya da ake samun man kaɗe daga 'ya'yanta, da kanya, da tsamiya, da marke, har zuwa wani gawo da dattijon ya ce ba ya bari a taɓa masa shi, saboda yana zubar da ganye da damina lokacin da shuka ke bukatar rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci.

Namun dajin Kufena ba su cikin keji, saboda haka sai mai haƙuri yake ganinsu. Mun ga kurege ya tsallake hanya, mun ji kukan kurciya da hasbiya, shaho kuma yana shawagi a saman dutsen. Da muka hau rabin tudun muka juyo, sai ga birni shimfiɗe a gabanmu, manyan rimaye sun ɗara rufin gidaje tsawo, kodayake duk wanda ya girma a garin nan ya san sun ragu ƙwarai. Na gaya wa yaran cewa da audugar rimi ake cusa matashin kai, da ita kuma ake cika lifidin dawakan da suke kallo a hawan Sallah.

Zariya tana da duk abin da ake bukata domin ta mallaki wuri irin na Jos. Ruwan samanmu yana kaiwa kimanin milimita 1,000 a shekara, abin da ya isa ya rayar da doka da maɗaci da ɗorawa ba tare da ban ruwa ba. A Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona da tushenta ya faro tun 1922, akwai Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 tare da lambun tsirranta da madatsar ruwan Kubanni, akwai kuma tashar binciken gandun daji, wato masana ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da ke damuna shi ne gudun da muke yi wajen sara ya fi gudun da muke yi wajen dashe. Kullum ina cin karo da motoci maƙare da buhunan gawayi suna shigowa gari, kuma ba na ganin laifin matar da ke saye, tunda iskar gas ta fi ƙarfin aljihun talaka, amma kowane buhu itace ne da ya yi shekaru yana girma. Filayen da na sani da kurmi ina yaro yanzu an yanka su fuloti-fuloti. Da za a keɓe wani yanki a gindin Kufena, a kewaye shi, a fitar da hanyoyin ƙafa, a rubuta wa kowane itace sunansa da Hausa, a ɗauki irin dattijon nan aikin rakiyar 'yan makaranta, da ko ba a kawo zaki ba ni dai zan riƙa biyan kuɗin shiga da farin ciki.

Kafin mu rabu dattijon ya zuba wa yaron kalwa cike da aljihu, ya ce a jiƙa ta a ruwan ɗumi ta kwana kafin a shuka, domin ɓawonta yana da tauri. Mun shuka guda shida a tsofaffin gwangwanayen madara a bayan ɗakin girki. Huɗu sun tsiro, kuma kowace safiya kafin ya tafi makaranta sai ya ɗebi ruwa a buta ya zagaya ya duba su. Mun yi shawara da shi cewa idan ruwa ya zauna sosai za mu mayar da biyu gonar dattijon, sauran biyun kuma mu dasa su a ƙofar gida.