Ɗan Bauchi a kan igiyar ruwan Tarkwa Bay

A Wikki na koyi iyo, cikin Yankari, inda ruwa ke nan da ɗuminsa na digiri 31 rani da damina, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa. Da aiki ya kai ni Legas na shiga Tarkwa Bay da allon hawan igiyar ruwa, wannan iyon tsoro kawai ya rage mini. Sauran duk a wurin yaran bakin tekun na koya.

Ba a zuwa wurin sai da jirgin ruwa. Dogayen katangun duwatsu da aka jera don kare mashigin tashar jiragen ruwa su ne sirrinsa: igiya ta taso daga Tekun Atilantika, ta bugi duwatsun, ta dawo ta haɗu da ta bayanta, sai ruwa ya tashi da tsini a wuri guda. Nan kowa ke jira. Da damina igiyoyin sun fi girma. Amma ni da hunturu na fi so. Iskar nan da ke fasa mana leɓe a Bauchi, idan ta isa can daga tudu take busowa, sai ta riƙe igiyar ta miƙe sumul, musamman da sassafe.

Yaron da ya koya mini bai bar ni na taɓa ruwa ba sai da muka zauna a yashi muna kallo. Ya nuna mini wani layi mai duhu inda kumfa ke komawa ciki. Nan ruwa ke jan mutum. Idan ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi, ka yi iyo gefe har ka fita daga layin. Wannan ilimi ya fi tsayuwa a kan allo daraja nesa ba kusa ba.

Akwai kuma ladabi. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa, tasa ce, ba a shiga gabansa. Yaran nan suna da haƙƙin a girmama su: a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna yankin daga gidajensu, amma ba su rabu da ruwan ba.

Ƙanena da ke shirin zuwa, na ce masa ya biya kuɗin koyarwa ba tare da ciniki ba, kada kuma ya shiga shi kaɗai.