Sati na uku da karan dawa, faralelogiram ta fara zama

Salam 'yan uwa masu koyon haɗa kayan koyarwa, ga inda aka kwana.

Sati biyu ina fama da yaran lesin ɗina 'yan aji biyar a kan faralelogiram, wato sura mai gefe huɗu da gefunanta masu kallon juna ba sa taɓa haɗuwa, na zana a allo har alli ya ƙare amma da na ɗan juya zanen sai su ce Malam ai wannan wata ce daban. Shi ne na tuna motar kara da muke yi muna yara, na sa ƙanena ya tsinto min sillen kara a gona.

Na yanka huɗu, biyu santimita 20, biyu 12. Da ƙusa na fara haɗawa, karan ya tsage, ni kuma na soke yatsa. Ƙayar aduwa ce ta yi aikin, sai dai kar ku matse da yawa, so ake gaɓoɓin su dinga motsi.

In ka tsayar da shi rektangul ne, wato siffar ƙofa, in ka tura saman gefe sai ya kishingiɗa, kuma duk yadda ya kishingiɗa gefunan da ke kallon juna tsawonsu ɗaya kuma ba sa taɓa haɗuwa. Muka auna kusurwa, ɗaya digiri 60 maƙwabciyarta 120, an haɗa 180, ta can ƙetaren ma 60 ɗin ce (gaskiya 58 muka samu, kara ba rula ba ne, na ce su yi haƙuri). Sai na maƙala robar ɗaure kuɗi biyu daga kusurwa zuwa kusurwar da ke ƙetarenta, na ɗiga biro a tsakiyar kowacce. Ana turawa ɗaya na miƙewa ɗaya na tsukewa amma ɗigon nan biyu suna nan kan juna, yara har da tafi. Ku ɗaura robar a ɗame tun farko in ba haka ba gajerar za ta saki.

Inda aka yi rigima wajen fili ne, wato girman wurin da ke cikin karan. Wata yarinya mai kaifin kai ta ce tunda karan bai canja ba ai 20 sau 12 ne, 240 har abada. Ban yi musu da ita ba, na shimfiɗa shi a tabarma muka cika cikin da gyaɗa, sannan na kwantar da shi har tsayin ya dawo santimita 6, gyaɗa kusan rabi ta rasa wurin zama. 20 sau 6, 120. Kewaye dai yana 64 ɗinsa. Ta yi shiru can ta ce ashe tsayin miƙe ake aunawa ba karan da ya karkace ba. Gyaɗar kuma ba ta dawo gida ba.

Na so mu yanke alwatika a jikin faralelogiram ta kwali mu mayar ɗaya gefen ta koma rektangul, magariba ta yi, sai ranar Asabar. Wanda ya san dabarar hana ƙayar nan zamewa in karan ya bushe ya taimaka min, biyu sun riga sun fice.