Tsirkiya lamba 13 ta kusa raba ni da jita

Har yanzu in na ji wani yana cewa wai sai da tsirkiya mai kauri ake samun sautin blues na gaskiya, raina ɓaci yake yi wallahi. Maganar nan ta ci min kuɗi, ta ci min kakar biki guda cur, ta kuma bar min ciwo a hannun hagu wanda duk ranar da sanyin Jos ya sauko sai na ji shi. Kuma abin haushin, masu faɗar nan ba ƙarya suke yi ba, rabin labarin ne kawai suke ba ka su riƙe rabin da zai cece ka.

Jitar da nake da ita Squier ce samfurin Strat, ta hannu, na saye ta wajen wani mai kiɗan coci da zai bar gari. Lamba 9 ce a kanta (lambar kaurin siririyar tsirkiya ke nan, in lamba ta hau kauri ya ƙaru), lafiya lau take, amf ɗina kuma, wato akwatin ƙara sauti, ɗan ƙaramin Roland Cube. A lokacin Stevie Ray Vaughan, makaɗin jitar blues na Amurka, shi ne ya shiga kaina, da shi nake kwana da shi nake tashi, mutumin da ya rasu tun 1990 amma ni ina nan ina auna yadda yake riƙe fik, ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi. Duk inda ka duba magana ɗaya ce: lamba 13 yake sawa, shi ya sa sautinsa ya cika haka. To shi kenan, na ba wani da zai je Legas saƙo ya taho min da saitin 13.

Ga abin da babu wanda ya gaya min. Saitin 13 da ake sayarwa a kwali yawanci na masu kiɗan jazz ne, wanda ya zo min 13, 17, 26, 36, 46, 56 ne, kuma ta ukun, wato G, naɗaɗɗiya ce irin na ƙasa masu kauri. Shi kuwa Stevie abin da aka fi sani yana sawa 13, 15, 19, 28, 38, 58 ne, G ɗinsa santala ce ba naɗi. Duk wanda ya taɓa kiɗan blues ya san a kan G da B rayuwar bendin take, wato tura tsirkiya da yatsa don murya ta hau. G mai naɗi sai ka tura ta kusan tsakiyar wuya kafin murya ta hau mataki guda, in ma ta hau. Sannan shi ba a tiyunin E da aka saba yake kiɗa ba, yana sauke duka jitar rabin mataki zuwa E flat, wanda ke rage jan tsirkiya da kusan kashi 11 cikin 100. Firet ɗinsa, wato ƙarafan da ke jere a wuyan jita, manya ne dogaye, yatsa na samun wurin shiga ƙarƙashin tsirkiya. Ni kuwa na ɗaura nawa a E cif, a kan ƙananan firet da suka riga suka cinye, saboda mai kibod ɗinmu ba ya son a canza masa ki.

Lissafin ma ba wuya gare shi ba, da wani ya zauna ya yi min. A murya ɗaya da tsawon wuya ɗaya, jan tsirkiya santala yana tafiya ne da kaurinta sau kaurinta. 13 sau 13 shi ne 169, 9 sau 9 shi ne 81. Wato siririyar E kaɗai nauyin da yatsana ke turawa ya ninka biyu har da ɗoriya, a dare ɗaya, ba tare da na bi ta 10 ko 11 ba.

Jitar ce ta fara kuka kafin hannuna. Ina gama ɗaurawa birij, ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jita, ya ɗaga gindi sama saboda sifirin uku ne kawai a baya, sai da na ƙara biyu na ɗaure sukurorinsu har ƙarshe. Wuya ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da katako har kana iya zura biro a firet na 12. Ramukan nat, ɗan abin da tsirkiyoyi ke bi ta kansa a ƙarshen wuya wajen kai, sun yi wa sababbin tsirkiyoyin kaɗan, suna zaune a sama suna ƙara kin-kin in ana tiyunin, sai na kai wa wani yaro mai gyara ya sa fayil ya buɗe su. Ku riƙe maganar nat ɗin nan, za ta dawo ta sake cin kuɗina. Ga hunturu ya shigo, katakon wuya ya tsotse, bakin firet suka fito suna yankar gefen hannu. Duk da haka da na kunna amf na bugi E ta ƙasa na ji wani kauri, na ce ai kuwa gaskiyarsu. Kaurin yana nan, ban musa ba. Amma kiɗan ya mutu, don duk jimlar da zan yi sai na tsaya na yi kokawa da ita.

Kan yatsu ya fashe, wannan ban damu ba, kowa ya san kanta na zuwa. Wanda ya tsorata ni shi ne zafin da ya fara daga wuyan hannu yana hawa har gwiwar hannu, da safe in na tashi ba na iya matse kofin shayi. Abokan kiɗa suna ta cewa daure mana, hannu ne ke ƙarfi. Har wani ya kawo min labarin nan da ake bayarwa cewa Stevie da sufa gulu yake liƙe fatar yatsunsa in ta yage, kamar wani abin koyi. Babu wanda ya ƙara da cewa shi kansa yakan sauka zuwa masu sauƙi in yatsun sun gaji, kuma mai kula masa da jita ya yi ta lallaɓa shi ya rage. Ranar da na kasa riƙe kod ɗin F a tsakiyar rihazal na je asibiti. Likita ta murɗa hannun nan da can, ta ce jijiya ce ta kumbura, ta ce “Malam, ko ka ajiye abin nan yanzu na ɗan lokaci, ko shi ya ajiye ka.” Watan Disamba ne fa. Duk wanda ke cin abinci da kiɗa a Filato ya san me Disamba take nufi. Ina gida da bandeji wani yana tsaye a wurina yana karɓar liƙi.

Da aka ce na fara taɓawa a hankali sai na koma lamba 9, nan kuma nat ɗin da aka buɗe ya ce bai san zancen ba, tsirkiyoyi suna yawo a cikin ramuka suna zizza, buɗaɗɗiyar G tana ƙara kamar an saka mata takarda. Wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa ne ya cece ni. Ya juya jitar, ya leƙa wuyan da ido ɗaya daga wajen kai, ya ce “Ɗana, wa ya yi maka wannan aika-aika?” Na ce Baba, shawara ce aka ba ni. Bai ce komai ba. Ya jawo wata gwangwani cike da guntayen ƙashin saniya da yake karɓowa wajen mahauta ya dafa ya shanya, ya zaɓi ɗaya, ya yanka da ƙaramin zarto, ya yi ta gogawa a kan sanfefa yana gwadawa yana hurewa, ɗakin duk warin ƙonannen ƙashi. Ramukan kuwa da guntayen tsofaffin tsirkiyoyi ya ƙarasa su, kowace da kaurinta, ya goga bakin fensir a ciki don santsi. Ya sassauta ƙarfen cikin wuya kaɗan-kaɗan yana jira tsakani, ya cire sifirin biyun nan ya miƙo min a tafin hannu. Jitar ba ta taɓa zama a tiyun kamar bayan aikin nan ba.

To a wannan zaman jinyar ne na fara sauraron sauran mutanen da na yi watsi da su, kuma nan haushina ya ƙaru. B.B. King lamba 10 ce siririyarsa, kuma shekaru da yawa amf ɗin da ya fi so Lab Series L5 ne, na tiransisto, ba mai kwalba irin ta tsohuwar rediyo ba, alhali ni an cika min kunne cewa in ba kwalba ba blues. Karkarwar yatsansa da duniya ke kwaikwayo ya same ta ne wajen ƙoƙarin kwaikwayon silaid ɗin ɗan'uwansa Bukka White, wato zamewa da ƙarfe a kan tsirkiya, da ya kasa iyawa. Albert King bahago ne, ya ɗauki Flying V ta na-dama ya kifa ta ba tare da ya juya tsirkiyoyi ba, saboda haka shi jawo tsirkiya yake yi ƙasa inda mu muke turawa sama, da babban yatsa yake bugu, shi ya sa bendin ɗinsa ba ya kama da na kowa. Albert Collins da Telecaster, tiyunin na F minor, kafo, matsin da ke danne tsirkiyoyi, can sama a wuya, ba fik. Hound Dog Taylor da jitocin Japan masu arha ya yi sunansa. Billy Gibbons har lamba 7 yake sawa, kuma shi da bakinsa yake cewa B.B. King ne ya sa ya bar masu kauri. Duk waɗannan suna nan tun da can, amma labarin 13 kaɗai ake yi wa yara.

Hannun bai dawo da ƙarfinsa nan take ba, bendin na cikakken mataki ya gagare ni na tsawon lokaci, dole na nemi wata hanya. Inda da zan tura sai na zame da yatsa zuwa firet na gaba. Na koma ɗan taɓa murya ta uku a jerin muryoyin ki kaɗan, kwatan mataki, wadda ke tsakanin minor da major, ashe ita ce ke ɗauke da yawancin ɗanɗanon kuma ba ta buƙatar ƙarfi ko kaɗan. Na rage gudu don dole. Shiru ya fara shiga tsakanin jimloli, abin da shekara da shekaru ake gaya min in yi ban yi ba.

Sai kuma wani Buzu ɗan Agadas da ke gadi kusa da unguwarmu, yana jin ina firaktis ya leƙo wata rana da yamma ya ce “Abokina, ara min in gani.” Ya ɗaga E ta ƙasa zuwa G, ya ajiye fik ɗina a kan tabarma, babban yatsa yana ta dukan tsirkiyar ƙasa ba tsayawa, manuni yana shafar na sama, hagu kuma tana ta ɗan bugu da fizga a firet biyu uku kawai. Ko sau ɗaya bai yi bendin ba. A kan wannan Cube ɗin da nake rainawa, ba feda ko ɗaya. Salon da su Tinariwen da Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya ke nan, su suna ce masa assouf, Turawa suka laƙaba masa blues ɗin hamada. Ban ce abu ɗaya ne da na Chicago ba, ba su da zagayen kod ɗin nan na blues mai gaɓa 12, sukan zauna a kod ɗaya su yi ta juyawa, kiɗan ma daban yake tafiya. Amma hannun damansa na gane shi nan take, hannun mai gurmi ne, irin wanda na taso ina gani. Tun daga ranar na daina ɗaukar fik sai in waƙa ta matsa.

Abin da na fi alfahari da shi kuwa ni na gano shi da kaina. Da, in zan yi solo, jimlolin wasu nake jerawa, wannan na Stevie, wannan na Freddie King. Sai na fara faɗin magana da Hausa a raina, kowace iri, ko ta cefane ce, in bi hawa da saukar muryar da jita, yadda mai kalangu yake yi. Hausa tana da sautin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, da dogon wasali da gajere, saboda haka jimlar tana zuwa da karinta da numfashinta, inda magana ta ƙare nan zan tsaya. A kan shofil, karin blues mai gaɓa 12, abin yana zama daram, kuma ba ya kama da na kowa a cikin waɗanda na lissafa. Na ɗauka a waya na tura wa mai gangarmu ban ce masa komai ba, ya bugo ya ce “Kai, wannan ai kamar kana yi wa mutum faɗa ne.” Faɗan kuwa nake yi, da wanda ya ce in sa 13.

In kaya ne, abin da ya dami mai kiɗa a nan daban yake da abin da ake ta gardama a kai a Amurka. Fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, na Strat mai koyil ɗaya yana jan ƙugin wuta, in kana kan janareto a wurin biki da babu wayar at ta ƙasa sai ka ji zuuu ya fi kiɗan ƙarfi, maganinsa ka zauna a matsayi na 2 ko na 4 a suwic in fikof ɗin tsakiya irin mai kashe ƙugi ne, ko ka sa batir a feda maimakon adafta. In ka samu amf na hannu daga Amurka duba bayansa kafin ka soka, nasu wuta 120 ce tamu 230, ba tiransfoma mai saukarwa ka gama da shi. Tube Screamer, fedan da na saya da tsada a zamanin haukar Stevie, yana da kyau, amma an yi shi ne ya tura amf mai kwalba da ya riga ya fara ɗumi, a gaban ɗan Cube a ɗaki sai sautin ya zama duk ta hanci. Na sayar, kuɗin ya tafi wajen gashin hannu.

Yanzu 9 zuwa 42 nake sawa, da damina in hannu ya saki nakan hau 10 in sauke rabin mataki, mai kibod ya danna tiransfos ɗinsa ya yi haƙuri. Fikof na wuya, ton a wajen 6, sauti daga maɓallin jitar nake juya shi. Ina tara kuɗin wata mai gajeren wuya irin na Gibson, inci 24.75 maimakon 25.5 na Fender, don tsirkiya ta ƙara laushi, Epiphone ta hannu ma ta ishe ni in na samu wadda wuyanta bai murɗe ba, kuma sai Baba ya leƙa ta kafin in biya.