Lambar h da malaman karatu daga nesa

Yanzu in lakcarori biyu sun haɗu, da an gama gaisuwa an tambayi iyali, ba a jimawa sai ka ji an ce "Dakta, lambarka ta kai nawa a Google Scholar?" Wasu har hoton shafin suke ɗauka su ɗora a WhatsApp, dangi na ta Allah ya ƙara ɗaukaka alhali ba su san me aka ƙirga ba. Ni dai wagga magana ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, musamman da yake fannina karatu daga nesa ne, irin wanda ɗalibi yana gidansu malami yana wani gari.

Lambar h ɗin nan wani malamin fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ita a 2005. Lissafin ba wuya. In kana da maƙaloli 10 waɗanda kowacce wasu masu bincike sun kafa hujja da ita aƙalla sau 10, to lambarka 10 kenan. In kuwa maƙala ɗaya ce taka ta yi tashe, ko sau 500 aka ambace ta, matuƙar sauran ba wanda ya waiwaye su, kana nan a 1. Kuma lambar ba ta sauka ko mutum ya ajiye alƙalami, shi ya sa tsofaffin hannu kullum suna gaba. Sannan ta Google Scholar daban ta Scopus daban, su ne rumbunan intanet masu ƙirga ambaton maƙaloli, don shi Google yana kwaso har kundin digiri da littattafai, Scopus kuwa sai abin da ya tantance ya sa a jerinsa.

Ba na cewa lambar banza ce, a'a. Aikin da Garrison da Anderson da Archer suka fitar a Kanada a 2000, inda suka nuna cewa aji na intanet ba ya tsayuwa sai ɗalibi ya ji akwai malami tare da shi, ya ji akwai 'yan aji, kuma ana juya tunani tare, an ambace shi sau dubbai kuma ya cancanta, ni ma da shi nake koyarwa. Mujallar IRRODL ta binciken karatu daga nesa, ta jami'ar Athabasca a Kanada, ma tun 2000 kyauta ake karanta ta, ta yi mana rana ƙwarai.

Amma fa masu rubutu ne ke ƙirga junansu. Wanda aka buɗe karatu daga nesa dominsa ba ya rubuta maƙala balle ya ambaci kowa. NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976, malaman firamare ta yi ta ɗagawa zuwa NCE suna bakin aikinsu. NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa da aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, ta dawo a 2002, ita ma ma'aikata ne da matan aure da 'yan kasuwa suka cika ta. Akwai wata malamar firamare da ke shigowa Gusau ran Asabar, littafin kwas ɗinta fotokofi ne an ɗaure da kyauro, bangon ya sha manja, gefen kowane shafi ta cika shi da fassarar Hausa da jan biro, wani wurin ma da ajami. Wanda ya zauna ya rubuta littafin nan da Turanci mai sauƙi har ta iya bi ita kaɗai bayan yara sun yi barci, wallahi ya yi tasiri, amma ko ɗigo ba zai gani a lambarsa ba.

Ku tuna Satumbar 2021 da aka katse sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro, sai mutum ya shiga mota ya fita jihar kafin ya aika saƙo ɗaya. A lokacin duk wani tsari da aka gina a kan Zoom da data ya tsaya cik, takarda da rediyo suka rage. In wani Dakta namu ya bi ɗalibai ya rubuta yadda suka yi karatu cikin wannan hali, wa zai ambace shi? Masu bincike a Ingila da Amurka ba matsalarsu ba ce, mujallar gida da zai buga kuma galibi ba ta cikin Scopus, manyan mujallun waje wasu sai ka biya kuɗin bugu da dala. Sai ka ga matashi mai basira ya bar abin da ke ƙofar gidansu ya koma rubutu kan abin da ake yayi a waje don lamba ta hau, wanga abu yana ƙona mani rai.

Ga kuma cuwa-cuwa, saka sunana in saka naka, ka ambace ni in ambace ka, da mujallun bogi masu buga komai cikin mako guda in dai kuɗi ya shiga.

Su kansu Turawan sun farga. A taron da aka yi a San Faransisko a 2012 aka tsara sanarwar DORA mai cewa a daina auna mutum da girman mujallar da ya buga, a 2015 kuma masana suka fitar da ƙa'idoji 10 na Leiden, ta farko cewa lamba ta taimaka wa hukuncin masana ne, ba ta maye gurbinsa ba.

Abin da nake roƙon kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu na Gusau da Birnin Kebbi shi ne su ƙara gurbi a fom. A tambayi malami littattafan kwas nawa ya rubuta kuma cibiyoyi nawa ke aiki da su, ɗalibai nawa suka fara kwas ɗinsa nawa suka kai jarabawa, don zubewar ɗalibai a hanya ita ce babbar cutar karatu daga nesa. Kuma a zaɓi maƙalolinsa uku, a ba wani farfesa na fannin ya zauna ya karanta su daga farko har ƙarshe kafin a sa hannu.